Garin da za a iya zuba shi cikin Karkanda: labarin Auxerre da namu na Katsina United

Yau ma daga nan Ƙofar Durbi nake magana, cikin birnin Dikko ɗakin kara. In kun ji ƙarar babur ko ta mai tallan ruwa ta shigo cikin maganar, ku yi haƙuri, tagar ɗakin tana kallon titi ne.

Shirin yau na ƙwallo ne, amma kada wanda ba ya kallon ƙwallo ya tashi, don maganar ta shafi har wanda bai san ofsayid ba.

Bari in fara da daren da ya jawo wannan hira. Ranar 31 ga Mayun 2025, daren wasan ƙarshe na Zakarun Turai, PSG da Inter Milan a birnin Munich. Ina gidan kallo na unguwarmu, an cika maƙil, har bakin ƙofa mutane na leƙe. Hakimi ya buɗe, Doué ya zuba biyu, aka tashi 5 da nema. Wallahi sai ka ce a Paris aka yanke wa yaran nan cibiya. Wani ya cire riga, wani ya hau benci, wani na rantsuwa shi tun yana firamare yake PSG, alhali kowa ya san makon da ya wuce Barcelona yake yi.

Da muka fito, na tsaya wajen mai shayi. Akwai wani dattijo da ke zama nan kullum da 'yar rediyonsa. Ya dube mu muna ta hayaniya, ya ce mani: "Kai yaro, zo nan. Duk wannan ihun na ƙungiyar Faransa ne?" Na ce, "Eh Baba, yau suka fara ɗaukar kofin." Ya ce, "To madalla. Ka san taku ƙungiyar ta garin nan ta je wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere?" Na yi dariya, na ce, "Haba Baba, wace ƙungiyar?" Ya ce, "Katsina United mana. Ka je ka tambaya."

Na je na tambaya, na bincika, na tarar gaskiyar Baba ce. Kunya ta kama ni. Ni da nake iya lissafa maka 'yan wasan benci na Real Madrid, ban san abin da ya faru a gidanmu ba. Cikin wannan binciken ne kuma na ci karo da wata ƙungiyar Faransa da labarinta ya tsaya mani a rai fiye da na PSG. Sunanta Auxerre. A rubuce yana da wuyar kama baki, amma su can "Oser" suke cewa. Labarinta zan ba ku yau, sannan mu dawo gida mu dubi namu.

Auxerre ƙaramin gari ne a bakin wani kogi da ake kira Yonne, kudu maso gabas da Paris. Tazararsa da Paris kamar daga nan Katsina zuwa Kano ce. Mutanen garin gaba ɗaya ba su wuce dubu 35 da 'yan kai ba. Ku riƙe wannan lambar. Filin wasanmu na Muhammadu Dikko, wanda har gobe bakinmu ya fi sabawa da kiran shi Karkanda, a rubuce mutum 35,000 yake ɗauka. Ma'ana, in ka kwaso mutanen Auxerre kaf, tsofaffi da jarirai, kusan za ka iya zaunar da su a filinmu su kalli wasa.

An kafa ƙungiyar a shekarar 1905. Wani limamin coci ne mai suna Ernest Deschamps ya kafa ta don samarin gari su samu abin yi, shi ya sa har yau filin wasansu sunan shi yake ɗauke da shi. Fiye da shekara hamsin ƙungiyar tana buga wasannin yanki, irin dai gasar da ƙungiyoyin unguwanni ke yi a nan, ba wanda ya san da zamanta in ka fita lardinsu.

Sai 1961, aka ba wani saurayi aikin koci. Sunan shi Guy Roux, ana faɗin shi "Gi Ru". Bai cika shekara 23 ba a lokacin, kuma shi kan shi ba wani shahararren ɗan wasa ba ne. Wannan yaron shi ya riƙe ƙungiyar har 2005, in ka cire 'yan gajerun lokuta biyu da ya ɗan ja gefe. Shekara 44 ke nan tsakanin shigar shi da fitar shi. Ku auna da ƙungiyoyinmu, inda koci in ya sha kashi sau uku a jere sai ya fara haɗa kayan shi.

Bai yi gaggawa ba. A 1970 suka hau rukuni na uku. A 1974 suka hau na biyu. A 1979, suna nan cikin 'yan dagaji, suka kutsa har wasan ƙarshe na Kofin Faransa, suka haɗu da Nantes, wadda a lokacin tana cikin manyan ƙasar. Minti 90 ta cika ana 1 da 1, sai a ƙarin lokaci ƙarfinsu ya ƙare, aka tashi 4 da 1. Sun yi rashin nasara. Shekara ɗaya bayan nan, 1980, suka hau rukunin farko.

To a nan ne dabarar take. Ƙungiya ta shigo cikin manya, ɗan kuɗi ya fara shigowa, kowa na jiran a sayo ɗan wasan gaba mai suna. Guy Roux da shugabannin ƙungiyar suka zuba ƙarfinsu wajen gina makarantar horar da yara: filaye, ɗakunan kwana, masu koyarwa, da masu yawo gari-gari suna neman yaro mai ƙafa. Lissafin shi mai sauƙi ne. Ƙaramin gari ba zai iya gasar sayen 'yan wasa da Paris ko Marseille ba. Wanda ba zai iya sayen hatsi a kasuwa ba kuwa, sai ya koma gona.

Kuma mutumin ya sa ido. Ya yi suna a Faransa da bin diddigin yaran shi, har gidajen rawa yakan leƙa da dare ya ga ko akwai ɗan wasan shi a ciki. Ya kuma yi suna da riƙon kuɗi, har 'yan barkwancin talabijin na ƙasar suka mayar da maƙon shi abin wasa. Shi dai ko a jikin shi.

Yanzu ku ji amfanin gonar. Eric Cantona, wanda 'yan Manchester United ke kira sarki, a makarantar Auxerre ya tashi, a nan ya fara buga wa manya kafin ya tafi Marseille a 1988. Basile Boli, haifaffen Abidjan, wanda ya ci ƙwallo da ka a ragar AC Milan a 1993, Marseille ta zama ƙungiyar Faransa ta farko da ta ɗauki kofin Zakarun Turai, shi ma ɗan Auxerre ne. Djibril Cissé, mai rina gashi, sau biyu yana zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Faransa, 2002 da 2004, sannan Liverpool ta saye shi. Philippe Mexès ya tafi Roma. 'Yan Arsenal, Bacary Sagna ɗin ku daga can aka ɗauko shi a 2007, haka Abou Diaby a 2006. Duk wanda aka sayar, kuɗin shi ya koma ya raini na bayan shi.

Kofuna fa? A 1993 suka kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin UEFA, Borussia Dortmund ta fitar da su a bugun fenareti. A 1994 suka ɗauki Kofin Faransa na farko, suka ci Montpellier 3 da nema. Shekara 15 ke nan bayan kukan da suka sha a hannun Nantes. Sai 1996, shekarar da garin ba zai manta ba: suka ɗauki gasar lig ta Faransa, PSG na biye da su a matsayi na biyu, suka kuma haɗa da Kofin Faransa bayan sun ci Nîmes 2 da 1. Kofi biyu a kaka ɗaya, a garin da bai kai wasu unguwanninmu yawan jama'a ba.

A cikin masu tsaron bayan wannan tawaga akwai Laurent Blanc, wanda ya ɗauki kofin duniya da Faransa bayan shekara biyu. Kusa da shi kuma akwai namu, Taribo West, mai kitson nan da yayyenmu ke ba mu labari. Daga Julius Berger ta Legas ya tafi Auxerre a 1993. A 1996 ɗin nan ya ɗauki kofi biyu a Faransa, ya wuce Atlanta ta Amurka ya ciyo zinare da Najeriya a gasar Olamfik, shekara ta gaba kuma Inter Milan ta ɗauke shi.

Ba su tsaya nan ba. A 1997 suka kai kwata fainal a Zakarun Turai, Dortmund ɗin nan dai ta sake tare masu hanya, kuma ita ta ɗauki kofin a shekarar. A 2003 suka ci PSG ta su Ronaldinho 2 da 1 a wasan ƙarshe na Kofin Faransa. A 2005 suka ci Sedan 2 da 1, kofi na huɗu, Guy Roux ya ajiye aiki a kan wannan nasarar. Lig ɗaya, Kofin Faransa huɗu.

To mu dawo gida.

A daidai shekarun da Auxerre ke tashe, mu ma muna tashe. Jihar Katsina ba ta fi shekara takwas da kafuwa ba, tunda a 1987 aka cire ta daga Kaduna, sai ga Katsina United a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na ƙasa a 1995. Shooting Stars ta Ibadan ta ci mu 2 da nema. Kada ku raina wannan, don Shooting Stars ɗin nan ita ta ɗauki lig a shekarar, kuma a shekara ta gaba sai da ta kai wasan ƙarshe na Zakarun Afirka, Zamalek ta Masar ta sha da ƙyar a bugun fenareti. A 1996 muka sake komawa wasan ƙarshe, Julius Berger ta ci mu 1 da nema, tsohuwar ƙungiyar Taribo ke nan. A 1997 muka koma karo na uku, BCC Lions ta Gboko ta ci mu 1 da nema.

Sau uku a jere. Na san wani zai ce, yo ai duk kashi aka sha, mene ne abin alfahari? Ɗan uwa, kofin da ƙungiyoyin ƙasar nan kaf ke shiga, wanda in an ci ka sau ɗaya ka koma gida, ka kai ƙarshen shi shekara uku ba fashi, ba sa'a ba ce. Akwai 'yan wasa, akwai koci, akwai aiki. Abin da ya dame ni shi ne, na tambayi abokaina goma sha wani abu a majalisarmu, ba ko ɗaya da ya taɓa jin labarin. Ni ma da ba don Baba mai rediyo ba, da har yau ina cikin duhu.

Bayan wancan zamani ƙungiyar ta dusashe, har aka daɗe ana jin sunan Spotlight a madadinta. A 2013, zamanin Gwamna Ibrahim Shema, aka buɗe filin Karkanda. Zamanin Gwamna Aminu Bello Masari aka sa wa filin sunan Sarki Muhammadu Dikko, sunan Katsina United ya dawo a 2016, ƙungiyar ta buga gasar Firimiyar Najeriya a 2017, ana yi mata kirari da Chanji Boys. A 2022 muka faɗa gasar 'yan dagaji tare da maƙwabtanmu Kano Pillars, a 2023 muka hauro tare. Ko a faɗuwa ba mu rabu da Kanawa ba, abin dariya abin tausayi.

Ga tambayar da nake so mu tauna. Auxerre ta rasa wasan ƙarshe ɗaya, ta koma gida ta gina makaranta, bayan shekara 15 ta ɗauki kofin. Mu mun rasa uku. Me ya rage a hannunmu daga wancan zamanin? Ko hoton tawagar, matasa nawa ne suka taɓa gani?

Na san abin da za a ce mani, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce Faransa ƙasar masu kuɗi ce, akwai kuɗin talabijin, akwai 'yan kallo masu sayen tikitin shekara, akwai doka mai aiki. Haka ne. Za a kuma ce Auxerre ɗin ma ai ta faɗi. Wannan ma haka ne. Bayan tafiyar Guy Roux sun ɗan riƙe, har sun buga Zakarun Turai a 2010 rukuni ɗaya da Real Madrid da AC Milan da Ajax. Amma a 2012 suka faɗa rukuni na biyu bayan shekara 32 a sama, suka yi shekara goma cur a can. Kuɗi ya yi ƙaranci, har a 2016 wani attajiri ɗan China, James Zhou, ya sayi ƙungiyar. Suka hauro a 2022, suka sake faɗawa a 2023, suka ɗauki kofin rukuni na biyu a 2024 suka dawo. Darasin da ke nan shi ne, gidan da ya jingina da mutum ɗaya, ranar da ya tafi sai katanga ta tsage. Amma ku lura, duk wannan faɗi-tashin, makarantar tana nan, filin yana nan, tarihin yana rubuce, yaron garin ya san waye Guy Roux.

Maganar cewa sai a Turai ake iyawa kuma, Ikenne ta ƙaryata ta. Ƙaramin gari ne a jihar Ogun. Wani ɗan kasuwa, Kunle Soname, ya kafa Remo Stars, ya gina fili a can, ya kafa makarantar yara mai suna Beyond Limits. Ƙungiyar ta hau ta faɗi, ta sake hawa, ta yi ta biyu har sau biyu, sannan a 2025 ta ɗauki gasar Firimiyar Najeriya. A ƙasar nan, da irin hanyoyinmu da irin alƙalan wasanmu.

Yawancin ƙungiyoyin gasarmu na gwamnatocin jihohi ne. Amfanin haka shi ne akwai mai biyan albashi. Illar shi kuma, gwamnati wa'adi gare ta, shekara huɗu ko takwas, in ta sauya sai shugabannin ƙungiya su sauya, koci ya sauya, a koma farko. Yaron da ka ɗauka yana shekara 12 kuwa, sai ya kai 19 ko 20 za ka ci moriyar shi. Wanda ya shuka ba lallai shi zai girba ba, shi ya sa kowa ya fi son ya sayo ɗan wasan da zai ci mashi ƙwallo ranar Lahadi mai zuwa.

Alhali akwai kuɗi a rainon yara, kuma dokar FIFA ce ta tanada. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tun yana shekara 12 har zuwa 23. Ku lissafa: in an sayar da yaro Yuro miliyan 10, Yuro dubu 500 na waɗanda suka raine shi ne. Sharaɗin shi ne a ce ƙungiyar tana da rajista, yaron ma an yi mashi rajista da sunanta, da shekarun shi na gaskiya. Kocin unguwa da ya yi shekara biyar yana saya wa yaro takalmi da kuɗin aljihun shi, in babu takarda, ranar rabo ko sisi ba zai gani ba. Masu ƙungiyoyin unguwa da ke saurare na, don Allah ku je hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ku tambayi yadda ake rajista. Ƙannena masu buga ƙwallo kuma, ku bar rage shekaru, kuma duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai kai ku gwaji Turai, ku tambaye shi lasisin shi da takardar gayyata daga ƙungiyar, ku kuma nuna wa wani babba mai ilimi kafin a sayar da gonar gado.

Saura mu 'yan kallo. Ba na ce kowa ya bar Chelsea ko Madrid ba, ni ma ba zan bar tawa ba. Amma mutumin da zai biya kuɗin gidan kallo sau uku a mako, ya hau babur ya je ya dawo, bai kamata a ce shekara ta zagayo bai taka Karkanda ya sayi tikiti ko sau ɗaya ba. In mun je kuma, mu bar jifa, mu bar tsallaka waya mu bi alƙalin wasa. Duk ranar da aka yi haka a kowane fili a ƙasar nan, ƙungiyar gida ce ke biyan tara, a kwashe mata maki ko a kore ta zuwa wani gari ta buga ba 'yan kallo. Ka ce kana son ƙungiya, ka jawo mata asarar da abokin hamayya bai iya jawo mata ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. 'Yan wasan da suka kai mu wasan ƙarshe a 1995 da 1996 da 1997, waɗanda ke raye cikinsu yanzu dattawa ne. Waɗanda suka bi su a mota suka je kallo, suna nan cikin unguwanninmu, a Ƙofar Durbi, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Soro, Rafindadi, Sabuwar Unguwa. Kowannenmu na da waya mai ɗaukar murya. Ka samu mahaifinka ko kawunka ka tambaye shi: Baba, ina kake ranar da aka buga da Julius Berger? Wa ke tsaron raga? A rediyo ka ji ko ka je? In akwai tsohon hoto a cikin akwati, a ɗauke shi da waya kafin gara ta riga mu. Ni na riga na yi wa Baba mai rediyo magana, ya ce in zo da goro da lokaci, zai ba ni labarin tun daga farko. In Allah ya yarda, muryar shi za ku ji a shiri na gaba, ba tawa ba.

Wanda ya samo wani abu, murya ko hoto ko ma suna ɗaya na ɗan wasan wancan lokaci, ya turo mana ta wannan shafin, za mu haɗa su wuri guda da sunan wanda ya kawo.

Nan zan dakata. Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku gyara mani. Allah ya zaunar da jiharmu lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan rashin tsaro, ya sa wata rana mu ga kofi ya shigo garin nan ta Ƙofar Ƙaura. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.